Haya Ta Riga Albashi

Ran 2 ga wata

Auta,

Ni da Inna muna yi maka sallama da gaisuwa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, da yatsunka goma cif, don tun da ka fara aikin waldar nan a wurin gada, ba ranar da Inna ba ta tambayata ko kana sa safar hannu. Mu dai alhamdu lillahi. Gwiwarta ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa ta zauna a kujerar roba tana yi wa masu wucewa tsiya. An auna sukarinta ranar Talata, likita ya ce ya zauna inda ake so, muddin ba a yi wasa da magani ba.

A ɗakin wankin asibiti nake rubuta maka, lokacin hutun rana, a kan teburin da muke ninke zannuwan gado. Ka yi haƙuri in ka ga takardar ta yi laushi, tururin nan ba ya barin komai a bushe. Ban so in jira ran Lahadi in ka hau tudu neman sabis ka kira waya ba, don ka san ɗakinmu, in na yi raɗa a bakin ƙofa Inna ta ji daga kan gado. Shi ya sa zan ba Dogo direba ya kawo maka.

Ga abin da ya faru. Tsohon mai gidanmu ya gaji, ya miƙa wa 'ya'yansa gidan, su kuma suka ɗauko wakili. Wani siriri ne mai jakar fata, ba ya zama in an ba shi kujera. Jiya ya bi ɗaki ɗaki yana manna takarda, wai daga wannan watan ran 15 za a riƙa biyan haya, ba ƙarshen wata ba. Wanda ya ƙara kwana uku a kai, a ba wani ɗakin. Na ce masa, "Malam, ai shekaranjiya na biya." Ya ce, "Wancan na watan da ya wuce ne, baiwar Allah. Yanzu gaba ake biya." Na ce shekararmu goma sha tara a ɗakin nan. Ya ce to, Allah ya ƙara mana, ya wuce ɗakin gaba.

Ka san ba don kyan ɗakin nake riƙe da shi ba. A ƙasa yake, ba bene, ba matakala ko ɗaya tsakanin gadon Inna da bayi, ga shi mota ɗaya nake hawa zuwa aiki. In muka rasa shi ban san inda zan samo irinsa ba.

Na zauna na yi lissafi har sau uku. Bayan na biya haya, na sa kuɗin wuta a mita, na auno shinkafa da mai, dubu talatin da ɗaya suka rage a hannuna. Ashirin da biyu a ciki na maganin Inna ne, wanda ke hannunta ran ashirin zai ƙare. Haya dubu arba'in. Naka yana iso mana ran ashirin da biyar, nawa albashin sai ashirin da takwas. In aka haɗa watan gaba ɗaya kuɗinmu ba su gaza ba, Auta, ranakun ne suka ƙi haɗuwa.

Ban saba roƙonka ba, kuma ba na son in fara. Amma ka tambaya mini a ofishinku, ko suna ba mutum wani abu daga cikin albashinsa kafin lokaci. Ko rabi ne, zan san yadda zan cika.

Ka ci abinci. Ka rage kallon wutar nan da ido tsirara.

Yayarka

*

Ran 6 ga wata

Yaya tawa,

Na amsa sallamarku, ina gaishe ki, ina gaishe da Inna gaisuwa ta musamman. Ki ce mata yatsu goma suna nan, yau da safe na ƙirga su. Na ji daɗin labarin sukarinta ƙwarai. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da barci da ba na samu isasshe. Mu huɗu ne a kwantena ɗaya, ɗayanmu kuwa muna kiransa Janareta, in ya fara munshari har kwanon rufi yana amsawa.

Aiki na tafiya. Mun gama ƙafa ta uku ta gadar, yanzu muna ɗaure ƙarafan sama. Shugaban aikinmu ya duba ɗinkin waldata jiya, ya shafa da yatsa, bai ce komai ba. A wurinsa wannan yabo ne, don in bai yi masa ba, har waɗanda ke ƙetaren kogi sai sun ji.

Batun haya kuwa, Yaya, har dariya kika ba ni. Duk wannan dogon lissafin a kan 'yan kwanakin da aka matso da su? Ki kwantar da hankalinki. Ki jira albashina kamar kullum, Dogo zai kawo miki da safe, ki miƙa wa mai jakar fata ya kama gabansa. Ba sai na je gaban akanta ina murza hula ba, mutumin da ko gaisuwa sai ya duba littafi kafin ya amsa. Ke dai tun muna yara haka kike, ƙaramin abu ki yi ta juya shi har ya yi girma.

Bari in ba ki labari mai daɗi. Wani mai kayan aiki ya zo sansaninmu jiya da mota, na sayi sabon takalmi mai ƙarfe a baki. Tsohon tartsatsi ya cinye shi, babban yatsana har leƙowa yake. Dubu goma sha takwas ya ce, ba ragi, na zazzage 'yar ragowar da nake da ita na ba shi. In kin gan ni a ciki sai ki ɗauka injiniya ne. Janareta ya ce in na mutu shi zai gada.

Ki gaida matar ɗakin gaba da yaranta. Ki ce wa Inna ta rage yi wa mutane tsiya a bakin ƙofa, kada a kawo mana ƙara.

Naki,
Auta

*

Ran 9 ga wata

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, Inna na lafiya, ta amsa gaisuwarka.

Takardarka ta iso, na karanta. Allah ya sa takalmin ya yi maka daidai, ka kuma kashe shi a kan aiki. Gaskiyarka ne, bai kamata ka je kana murza hula a gaban kowa ba saboda ƙaramin abu.

Batun haya ka bar shi, na san yadda zan yi. Ba yau na fara ba. Wannan watan ma ba sai ka turo komai ba, ka riƙe abinka ka yi hidimar gabanka.

Zannuwa sun taru, an ce injin busarwa ɗaya ya lalace, ba ni da lokacin dogon rubutu.

Yayarka

*

Ran 12 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau, sai dai tun da Dogo ya miƙo mini takardarki abinci ya ƙi shiga.

Sau biyar na karanta ta. Layi nawa ne duka? Ke da kike cika mini shafi biyu har ki bi gefe da rubutu. Ko "ka ci abinci" babu. Me na yi?

"Ba sai ka turo komai ba." Me wannan ke nufi, Yaya? Kuɗina ne ba ki so, ko ni ne ba kya so a cikin lissafin gidan? Na san ke kika ɗauke mu tun da Baba ya rasu. Ban manta ba, da kuɗin gugar kayan mutane kika biya mini makarantar koyon walda, har yau tabon dutsen guga yana hannunki na hagu. Ban taɓa cewa zan iya biyanki ba. Amma ɗan abin da nake turowa shi kaɗai nake iya yi daga nan. Ba ni ke kai Inna bayi ba, ba ni ke shafa mata magani a gwiwa ba. In kika ce in riƙe shi, me ya rage mini ke nan?

In takalmin ne ya ɓata miki rai, ki faɗa mini kai tsaye. Ba ado na saya ba. Makon jiya wani ya taka ƙarfe mai zafi da takalmi irin tsohon nawa, har yanzu da sanda yake tafiya.

Ran Lahadi ba zan hau tudu ba. In na ji muryarki a haka ban san abin da zan ce ba, Inna kuma za ta gane. Zan jira amsarki.

Auta

*

Ran 19 ga wata

Auta,

Ina gaishe ka. Ba zan fara da cewa muna lafiya ba, don ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka fara jin wannan: Inna na raye, tana magana, yau da safe ta sha shayi har ta ce sukari ya yi kaɗan. Tana kwance a asibitinmu, gobe ake sa ran sallamarta.

Kwana goma ke nan ban ji daga gare ka ba. Ran Lahadi na ajiye waya a kan cinyata tun hantsi har rana ta faɗi, ba ka kira ba. Na je tasha neman Dogo, aka ce motarsa ta lalace a hanya, ana jiran kayan gyara. Wani direban yashi ya ce yana bi ta wajenku, shi zan ba wannan.

Bari in faɗa maka komai yadda ya faru. Na je ofishinmu neman a ba ni wani abu daga albashina, suka ba ni takardar cikewa, suka ce amsa sai bayan mako uku. Na karɓi ƙarin aiki, aka ce kuɗinsa ƙarshen wata yake fita. Na tari wakili a bakin gida na ce ya karɓi rabi, ya ce littafinsa ba shi da gurbin rabi. Sai na daina hawa mota, ina tafiya aiki da ƙafa, in na dawo in karɓi gugar maƙwabta. Na samu dubu huɗu. Abokiyar aikina mai kula da injin busarwa ta ga ƙafafuna sun kumbura, ta ja ni bayan tulin zannuwa ta ce, "Ke, nawa ya rage?" Ta ranta mini tara, na san kuɗin makarantar 'yarta ne. Na haɗa da biyar ɗin da suka rage mini. Sauran kuwa na buɗe gwangwanin da muke ajiye kuɗin magani na kwashe. Ran goma sha biyar na ƙirga wa mutumin dubu arba'in, ya ba ni rasit ko kallona bai yi ba.

Dabarata ita ce in maganin ya ƙare ran ashirin, in je in roƙi mai kantin magani ya ba ni na 'yan kwanaki. Abin da ban sani ba, Inna ta riga ni yin tata dabarar. Matar ɗakin gaba ta karanta mata takardar da aka manna tun ranar farko. Ta ga ina dawowa da ƙura a ƙafa, ta san inda kuɗin za su fito. Tun ran goma ta fara raba ƙwayar biyu da haƙori, wata rana ma ta ƙi sha gaba ɗaya, wai don ta kai mu ranar albashina.

Jiya da rana ina tsaye a kan guga aka zo aka ce ana nemana a ɗakin gaggawa. Matar ɗakin gaba ce ta same ta a kujerar roba tana maganar da ba kan gado, leɓɓanta sun bushe, tana kiran ta da sunana. Ita da mijinta suka sa ta a mota. Da na shiga na gan ta kwance a kan zanen da ni na goge shi da hannuna da safe, har da karin ninkina a jiki. Na zauna a bakin gadon. Ma'aikaciyar jinya ce ta kwance bakin gyalenta, sai ga gutsattsarin magani an ƙulle. Da ta dawo hayyacinta na ce, "Inna, me ya sa?" Ta ce, "Ke kina tafiya da ƙafa, ni ina zaune, sai in kasa rage rabin ƙwaya?"

Daga nan na wuce kantin magani, ban ma san ina kuka ba. Tsohon ya saurare ni, ya ɗauko na wata guda cur ya sa a leda. Ya ce, "Shekara shida kina saye a nan ba ki taɓa rage ko sisi ba. Ki kawo ran albashi. Me ya hana ki zo tun farko?" Na karɓi ledar na koma asibiti.

Na yi fushi da kai, Auta, ba zan ɓoye ba. Na roƙe ka abu ɗaya ka ce na ba ka dariya. Amma yau da nake zaune gefen gadonta fushin ya tafi, tsoro ne ya rage. Ba halinka ba ne ka yi shiru haka. Ko wani abu ya same ka? Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in san hannunka na aiki.

Ka ci abinci.

Yayarka

*

Ran 24 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan abin da kika ɗauka ke kaɗai. Ni lafiyata ƙalau, ba abin da ya same ni sai wauta.

Direban yashi ya kawo takardarki shekaranjiya ana cin abincin rana. Da na kai inda kika ce "ran goma sha biyar na ƙirga wa mutumin", sai na tsaya. Na ce wane goma sha biyar? Na bar kwanon a nan na ruga kwantena, na zaro takardarki ta farko daga ƙarƙashin katifa. Yaya, 25 na karanta. Wallahi tun ranar farko 25 na karanta. Na ɗauka daga ƙarshen wata aka dawo da ita ashirin da biyar, ranar da kuɗina ke iso miki. Shi ya sa na yi dariya, shi ya sa na sayi takalmi da zuciya ɗaya.

Na kai wa mai sito, shi da ke da tabarau, na rufe sauran rubutun da yatsa na ce ya karanta mini lambar. Ya ce ashirin da biyar. Na kai wa kuku, ya ce sha biyar. Da na ɗaga takardar a rana sai na ga ɗigon ruwa ne ya faɗa a kan ɗayan, tawada ta yi masa ƙugiya da wutsiya. Amma ba zan ɗora wa ruwa laifi ba. In da na karanta lissafinki da natsuwa, da na gane ba za ki tayar da hankali a kan ranar da kuɗina ke zuwa ba. Na ga abin da ya fi mini sauƙi na kama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Na je wurin akanta a ranar. Ya ce duk wanda ya rubuta kafin goma ga wata, ana ba shi rabin albashinsa ran sha ɗaya, ba roƙo, ba murza hula, takarda ɗaya ce. Takardarki ran biyar ta zo hannuna. Kwana biyar ina yawo da ita a aljihu ina taka sabon takalmi. Na fito daga ofishin na zauna a kan tulin ƙarafa, Janareta ya zo ya zauna kusa da ni har aka buga ƙararrawa.

Da aka tashi aiki na hau tudu na kira, kin dai ji yadda aka yi. Da kika miƙa wa Inna ta ce "Auta, ka sa safar hannu?" sai layin ya mutu. Ba sabis ne ya yanke ba, ni na kashe. Ki ba ta haƙuri.

Na cike takardar akanta, na ce a riƙa yi mini haka kowane wata har aikin gadar ya ƙare. Rabin albashina dubu arba'in ne daidai, kamar an auna da hayar. Yau an biya mu. Ga dubu sittin a cikin ambulan ɗin nan, ki fara sallamar abokiyar aikinki da mai kantin magani. Kada ki ce ba sai na turo ba, don Allah.

An gyara motar Dogo. Akwai wata takarda tawa ta ran sha biyu da ta kwana goma sha biyu a aljihun motarsa, ya ce tare zai miƙa miki su. Ki yage ta kada ki karanta. Wani sakarai ne ya rubuta.

Ƙaninki,
Auta

*

Ran 29 ga wata

Autan Inna,

Muna gaishe ka da kyau. Inna ta dawo gida tun ran ashirin, ƙarfinta na dawowa. Yanzu a gabana take shan magani, in ta haɗiye sai na ce ta buɗe baki, ita kuma ta ce ko ɗan sanda bai kai ni ba. Ƙafafuna sun saɓe, na koma hawa mota.

Takardar sakaran nan ita na fara karantawa, ka san ba zan yage ba. Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Auta, ban taɓa cire ka daga lissafin gidan nan ba. Zafin rai ne ya sa na rubuta abin da na rubuta. Kuma in za a raba laifi, nawa kason ba ƙarami ba ne. Da na ga amsarka ba ta yi kama da kai ba, layi ɗaya ya ishe ni in ce, ka kuwa gane ranar? Na zaɓi in yi shiru in nuna maka zan iya. Na nuna wa wakili, na nuna wa mai kantin magani, saura kaɗan in nuna da ran Inna.

Ita kuwa ta zaunar da ni ta ce in ɗauko takardun duka in karanta mata, tun daga ta farko. Na ce ai ba komai a ciki sai gaisuwa. Ta ce, "Gaisuwa ce ke sa ki juya mini baya in kina karantawa?" Dole na karanta. Da na zo wurin takalmi ta ce ka kyauta, ƙafa ɗaya ba a sayenta a kanti. Ga saƙonta, kalma da kalma, tana zaune tana jira in rubuta: "Ka ji, ku biyu kun mai da ni jaririya, ni ma na mai da ku jarirai, kowa na ɓoye wa kowa. Daga yau in za a yi lissafi a yi da ni. Ban iya karatu ba, amma na riƙe gida da albashin ubanku shekara ashirin ba a taɓa fitar mana da kaya ba."

To mun yi da ita, kuma ta fi ni iyawa. Ta ce kowane kuɗi a haɗa shi da buƙatar da ke biye da shi, kada a bar shi ya yi dogon zama a gwangwani. Rabinka na sha ɗaya na haya ne, ba a taɓa shi. Tun da ya fi abin da ka saba turowa, ran ashirin da biyar ba ka da sauran nauyi, sai in ka ga dama. Magani ya koma kaina. Na je na biya tsohon, na roƙe shi ya ƙara mini na kwana takwas, don maganin ya riƙa ƙarewa daidai ranar albashina, in saya a ranar kafin kuɗin su shigo gida. Ya yi dariya ya ce da kowa zai yi haka da ya huta. Asibiti za su cire kuɗin kwanciyarta kashi uku daga albashina, ba a lokaci ɗaya ba, na je na roƙa da bakina, ka ga na fara koyo. Inna ta ce kuma duk wata a ware dubu uku a ba ta ta riƙe, har su kai hayar wata guda, don ranar da motar Dogo za ta sake mutuwa a hanya. Na ce a ina za ta ajiye? Ta ce wannan ba ruwana.

Abokiyar aikina na mayar mata da kuɗinta, na haɗa mata da sabulu. Ta ce in gaishe ka, wai ka sayi tabarau.

Ka ci abinci.

Yayarka

*

Ran 11 ga sabon wata

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Inna. Ina lafiya. Dogo na latsa mini ham, don haka a gurguje. Akanta ya cika alkawari. Ga dubu arba'in. An ɗora ƙarfen farko a kan ƙafa ta huɗu, ni aka ba ɗinkin tsakiya. Ki ce wa Inna ma'aji ina miƙa gaisuwa ga ofishinta.

Auta

*

Ran 14 ga wata

Auta,

Muna gaishe ka, muna lafiya. An auna Inna jiya, likita ya ce ta koma inda take a da. Barka da ɗinkin tsakiya, Inna ta faɗa wa duk wanda ya wuce ta ƙofar gida.

Yau da safe na biya haya. Na tarar da wakili yana buɗe jaka a ɗakin gaba, na ce, "Malam, ga nawa." Ya duba littafi ya ce ai gobe ne. Na ce na sani. Sai ya ɗago ya kalle ni, karon farko ke nan da na ga ƙwayar idonsa. Yau ba ni da aiki, da na shigo ɗaki na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin in ɗora tukunya. Ban farka ba sai da rana ta yi sanyi. Inna ta ce ta kori yaran ɗakin gaba daga bakin taga har sau biyu.

Yanzu saura kai. Da Dogo ya kawo ambulan na ba shi ruwa, na ce yaya ƙanena? Ya yi ta sosa ƙeya. Na ce ya faɗa mini ko in bi shi har wurin gadar. Ya ce tun ran ashirin da biyar ka soke tikitinka na abincin yamma a wurin kuku, burodi da ruwan shayi kake kwana da su, wai ka ce zafi ne ke hana ka ci. Na zauna na ƙirga. Ka turo sittin, ka turo arba'in, dubu ashirin ka bar wa kanka tun wancan albashin, ga sauran kwana goma a gabanka. Kai da ke tsaye a kan ƙarfe sama da kogi tun safe.

Na faɗa wa Inna, tun da yanzu ba a ɓoye mata. Ta juya ta fuskanci bango ta yi 'yan lalube-lalubenta, sai ga dubu ukun da na ba ta ajiya. Na ce Inna, ai wannan na ranar da mota ta mutu ne. Ta ce motar tana da mai gyara. Na ƙara huɗu daga kuɗin ƙarin aikin da aka biya ni.

Ga dubu bakwai nan. Ka je wurin kuku yau, ba gobe ba, ka karɓi tikitinka. Kada ka dawo mini da su. In ka dawo da su zan sake turowa, ka sake dawowa da su in sake turowa, Dogo ne kawai zai wahala, shi kuwa bawan Allah bai yi mana laifin komai ba.

Yayarka